Shagon da ya yi mana firem ɗin rigar kyaftin, wajen Wunti

Mu tsofaffin ƴan ƙwallon ATBU ne, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, muka haɗa kuɗi za mu karrama kyaftin ɗinmu, mutumin da ya tsare mana baya shekara huɗu a filin jami'ar da ke Yelwa da lamba 5 a bayansa, in ya daka tsalle ya sa kai sai ka ji tausayin ƙwallon. Da ɗan wata jami'ar Amurka ne da ƙila sunansa na can a zauren gwarzayen da suka gina a Atlanta don ƴan wasan jami'o'i, duk da dai tasu ƙwallon da hannu ake rungumarta a zura da gudu. Namu zauren bangon falonsa ne, shi ya sa muka ce a sa tsohuwar rigarsa a firem.

Wani ɗan shago na kai ta wajen kasuwar Wunti, dattijo ne mai shi. Rigar ta koɗe, lambar ta fara ɓarewa, ga yagewa a hammata, na ce Baba ko a wanke a goge tukunna? Ya ce a'a ɗana, in ka wanke me ya rage. Wallahi nan ya saye ni. Kuma bai lafta mata gam ba irin yadda wasu ke yi, zare da allura ya sa ya kama ta a jikin allon ta baya yadda ba a gani, sannan ya bar ɗan fili tsakaninta da gilashin wai don kar laimar damina ta sa ta yi fumfuna, ni ban taɓa kawo wannan a raina ba sam.

Inda suka ɓata min rai shi ne ɗan ƙarfen da ake rubuta suna. Yaron shagon ya zana sunan da harafi ɗaya a juye, shekarar ma ba ita na rubuta masa ba, alhali takardar na gabansa. An gyara ba a ƙara min ko sisi ba, amma sai da na yi sawu uku, yau babu wuta, gobe mai injin ya tafi biki Dass, jibi a dawo bayan la'asar. In za ku kai aiki ku ba su sati biyu kafin ranar taronku, kuma ku tsaya a kan yaron nan sai ya karanta muku rubutun da bakinsa. Maratayin da suka sa ma bai kai nauyin gilashin ba, sai da muka canza.

Ranar da muka miƙa masa kuwa kyaftin ko kallon rubutun da na sha wahala a kai bai yi ba, yatsa ya ɗora kan gilashin daidai yagewar nan ya ce har yau bai yafe wa alƙalin wasan da ya ƙi busa wannan ba.