Allurar ciwon huhun shanu ta T1/44: ra'ayin mai kiwo daga Zariya

Daga cikin alluran riga-kafin da makiyaya ke dogaro da su daga rugagen Shika zuwa Giwa, babu wadda nake ba wa muhimmanci kamar ta ciwon huhun shanu, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, da aka kafa a 1924, take haɗawa. Tana zuwa a ƙaramar kwalba da busasshen gari a gindinta, sai an narkar da shi kafin a yi wa saniya a ƙarƙashin fata.

Garin nan ƙwayar cuta ce mai rai, wadda asalinta daga Tanzaniya ne, aka raunana ta ta hanyar renonta a cikin ƙwai har sau 44. Mai rai kuwa yana hayayyafa, kuma a wajen hayayyafar halittarsa ta gado na iya sauyawa, ko ya yi sanyi har ya kasa ba da kariya, ko ya ƙara kaifi. Wannan ne ya sa masu haɗa irin wannan allura suke adana irin asali a daskare, suna taƙaita yawan renon da ake yi daga gare shi, sannan akwai gwajin ɗakin bincike mai suna PCR da ke bambance ƙwayar allurar, wato T1, da ƙwayar cutar da ke yawo cikin garke. Cibiyar PANVAC ta Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha ma tana duba ingancin alluran nahiyar.

A garkena allurar ta biya kuɗinta, sai dai kariyarta ba ta wuce kamar shekara guda, don haka wanda ya yi sau ɗaya ya naɗe hannu ya yaudari kansa. Wasu shanun, musamman waɗanda aka yi wa karon farko, sukan kumbura a wurin allurar, kuma idan kumburin ya fara yaɗuwa dole a kira likitan dabbobi.

Ƙorafina yana kan masu sayarwa. Wani shago a cikin gari ya miƙo mini kwalba daga firjin da ya kwana babu wuta, lambar rukunin da ke jikinta, wadda ke nuna kashin da aka haɗa ta a ciki, ta goge, kuma na ƙi karɓa, domin duk gwajin da aka yi a ɗakin bincike ba zai rayar da ƙwayar da zafi ya kashe ba. Ina ba da shawarar a saya ta hannun likitan dabbobi, a ɗauko ta cikin kula mai ƙanƙara, a rubuta lambar rukunin, a kuma ƙarar da ita nan da nan bayan an narkar.