Wasiƙa daga Teksas: tayar da ta fashe mana a hanyar Arizona

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara. Ka ce in ba ka labarin tafiyar da muka yi da hutun 'yan makaranta, to ga shi.

Abin da ka gani a hoto ɗaki ne a kan tayoyi huɗu, da gadaje da kicin da firji da banɗaki, ana ƙulla shi a bayan a-kori-kura a ja. Haya muka ɗauka a hannun wani mutum. Daga Dalas muka bi ta Amarilo, muka hau babbar hanyar I-40 muka nufi yamma, don yara su ga kwazazzabon Girand Kanyon da ke jihar Arizona, wanda zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi.

Titi kam ba a magana, sai ka yi tafiyar awanni ba ka faɗa rami ba. Iska ce matsala. Ƙasar Amarilo fili ce fetal, ba abin da ke tare ta, kuma duk babbar motar da ta wuce ka sai ka ji ɗakin yana lilo a bayanka yana neman jan gindin mota. Maman yara ta yi ta salati. Maganin shi ne ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ka taka birki da ƙarfi, kuma kaya masu nauyi su zauna ta gaban tayoyi, don ana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗakin ya sauka a kan wurin da aka ƙulla shi da motar. Mai kuwa, motar ta sha kusan ninkin abin da ta saba.

Mun wuce Tukumkari a jihar Niyu Meziko kenan sai muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Tayar ɗakin ta baya ce ta tarwatse. Kafin in samu in gangara gefe, bawon tayar ya daddaki ƙasan ɗakin, ya yage katako, ya tsinke bututun ruwa. Na sauko na tarar da ruwan tankinmu yana tsiyaya a kan kwalta mai zafi, ga wayoyin ƙarfe na cikin taya sun nannaɗe a jikin aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin.

A nan na tuna gida, Yaya. Da a tsakanin Zariya da Kano ne, kafin ka gama ɗora jak wani ya tsaya da babur ya ce sannu, ya tafi ya ɗauko mai faci. A nan motoci sai wucewa suke, iyakarsu su koma ɗaya layin su ba ka fili, don doka ta koya musu hakan. Ban ce mugunta ba ce. Kowa ya ɗauka kana da waya kana da kamfanin da zai zo. Na kira wanda nake biya duk shekara, suka ce yarjejeniyata mota ta ƙunsa, ban da abin da take ja. Akwai safaya, amma mai ɗakin bai sa sifanar da ta yi daidai da notocin ba, ta motata kuma ba ta shiga. Haka muka zauna cikin rana, yara na kuka, har wani makanike mai yawo da motar kayan aiki ya iso. Kuɗin zuwansa daban, na aiki daban.

Abin da na lura da shi a ƙasar nan ke nan: kaya a wadace, hannun mutum ne da tsada. Garejin gyaran irin waɗannan ɗakuna da awa suke caji, sama da dala 100 kowace awa, kuma sai ka nemi rana a rubuta ka. Da yawansu ba sa buɗewa ranar Lahadi. Bututun da ya tsinke, yaron makanike a Fanteka zai ɗaure shi kafin ka gama shan shayi. A nan cewa suka yi sai an sauya gaba ɗaya.

Sai dai in faɗa maka inda suka fi mu. A Albakaki na shiga shagon taya na karanta musu lambar da ke jikin tsohuwar, suka fito da irinta sak, da rasiti da garanti, ba ciniki, ba fargabar jabu. Wurin kwanan matafiya ma, fili ne aka ware maka da soket na wuta da famfo da ramin zubar da ruwan banɗaki, ka jona ka kwanta. Na yi ta tunanin direbobinmu da ke kwana a ƙarƙashin mota a Tafa da Mararrabar Jos, raina ya ɓaci.

Mai shagon ne ya nuna min abin da ya jawo fashewar. A gefen kowace taya akwai haruffan DOT, a ƙarshen layin kuma lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan a 2019. Tayar ɗakin nan zanenta lafiya lau a ido, amma ta tsufa, robar ta bushe saboda zama cikin rana, zafin kwalta da nauyi suka ƙarasa ta.

Wannan lamba tana jikin tayoyin gwanjon da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa ma. Don Allah Yaya, ka duƙa ka duba duka huɗun da ke motar da kake kai Inna asibiti da ita, har da safaya, ka turo min lambobin ta WhatsApp. Duk wadda ta haura shekara 6 a cire ta, zan aiko da kuɗin sababbi ƙarshen wata in sha Allahu. A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.