LD_LIBRARY_PATH ko ldconfig, wanne ya fi a kan saba?

Malam, ka ce ka sa Oracle Instant Client, kayan haɗa shiri da rumbun bayanan Oracle, a sabar Ubuntu, shirinka na Python yana tafiya lafiya lau in ka kunna shi da hannu, amma da cron, mai kunna shirye-shirye a lokacin da aka tsara masa, ya tashe shi da dare sai ya ce bai ga libclntsh.so ba, wato fayil ɗin laburaren Oracle da yake buƙata, shi ne kake tambaya wanne za ka riƙe cikin hanyoyin nan biyu na nuna wa shiri inda irin wannan fayil yake, LD_LIBRARY_PATH ko ldconfig. Ni dai ldconfig zan ce.

LD_LIBRARY_PATH kamar ka raɗa wa mutum ɗaya hanya ne a kunne, wanda ba ya wurin bai ji ba. A .bashrc, fayil ɗin da ake karantawa in ka buɗe tasha (terminal), ka rubuta shi ko? To ai shi ke nan, cron ba ya karanta .bashrc, systemd mai tada shirye-shiryen sabar ma haka, sudo kuwa share shi yake kafin ya kunna komai, shirin da ke da setuid (mai aiki da ikon mai fayil ɗin) ma ko kallonsa ba ya yi. Kuma kar ka wahalar da kanka da sa shi cikin Python ta os.environ, tun lokacin tashin shiri ake karanta shi, kafin layinka ya iso an riga an wuce wurin.

Shi kuwa ldconfig allo ne ka kafa a bakin titi kowa ya gani. Ka buɗe fayil a /etc/ld.so.conf.d/, ka ce masa oracle.conf, ka rubuta layi ɗaya tak, wato folda ɗin da ka zuba kayan kamar /opt/oracle/instantclient_19_8, sai ka buga sudo ldconfig ya sabunta /etc/ld.so.cache, jerin laburaren da duk injin ke dubawa. Daga nan cron da systemd da kowa za su gani ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Amma fa yana da nasa cikas, sai kana da root, wato cikakken iko a kan injin, kuma duk injin yake shafa. In akwai wani Oracle a sabar, a ce 12 da 19 zaune tare, wani shiri zai iya ɗauko wanda ba nasa ba, ciwon kai kenan. A nan ne LD_LIBRARY_PATH ke da rana tunda shi ake fara dubawa kafin ld.so.cache, sai ka sa shi ga shirin da ke buƙata kaɗai, a layin Environment= na systemd ko cikin ɗan fayil ɗin da cron ke kira.

In ka gama ka buga ldconfig -p | grep clntsh ka gani ko ya shiga. In har yanzu yana ƙorafi ka gwada ldd a kan libclntsh.so ɗin ya nuna maka laburaren da ya rasa, sau da yawa laburaren libaio ne ba a sa ba.