Ina Za a Kai Yaro Ya Koyi Kiɗan da Zai Amfani Jama'a?

Da ɗan ƙanwata ya samu bak, wato takardar gama sakandare, sai ya ce shi kiɗa zai koya, kuma ba na biki da liƙi ba. So yake ya koyar da yaran unguwa, ya shiga gidajen marayu da gidan kaso, ya yi waƙoƙin faɗakarwa kan rigakafi da karatun ƴan mata. Uwarsa ta kira ni hankali tashe: "Yaya, maroƙi za a yi mana a gida?" Na ce ta yi haƙuri mu duba hanyoyin tukuna.

Inda na fara sa ido shi ne CFPM Taya a nan Yamai, cibiyar koyon kiɗa da aka buɗe a 1989 aka sa mata sunan marigayi Elhaji Taya. Ana koyon solfej, wato karanta kiɗa a rubuce, da kayan zamani irin su gita, sannan ga ɗakin ajiyar kayan gargajiya: gurumi, goge, molo, kalangu, algaita. Wannan haɗin ne ya fi jan hankalina. Wanda zai tara yara a ƙauyen da babu wutar lantarki, kalangu da gurumi za su fi yi masa rana a kan piyano, amma solfej ne zai ba shi damar rubuta abin da ya koyar don wani ya ɗora. A cibiyar nan marigayi Malam Mamman Barka ya yi aiki. Malamin lakwal ne da fari, gwanin gurumi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi yankin tafkin Chadi wajen dattijo Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwale-kwale, a lokacin da ya kusa ɓacewa. Malam Barka ya rasu a 2018, amma biram bai bi Bukar Tar kushewa ba. A wurina wannan ma hidimar jama'a ce, kuma babba.

Hanya ta biyu ita ce ta kakanni: zama gaban maigida. Ba kuɗin rajista, sai ɗaukar kaya da amshi da haƙurin shekaru. Abin da ake samu a nan ba a samunsa a kan benci: yadda ake riƙe taro, yadda ake karanta fuskar mutane, kalmar da za ta shiga kunnen dattijo ba tare da ya ji an raina shi ba. Ƴan Tawa sun san darajar wannan gado, tunda sunan makaɗinsu Ɗan Gurmu aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa da aka fara a 1987. Matsalar guda biyu ce. Babu diflom, alhali ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu takarda suke fara tambaya. Kuma mafi yawan abin da maigida ke rayuwa da shi yabo ne da kirari, sai yaro ya yi da gaske kafin ya juya shi zuwa koyarwa.

Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen fasaha da al'adu. Ya dace da mai son tsara ayyuka, rubuta takardar neman tallafi da bincike. Hannu kuwa, sai ya nemi inda zai goge shi a waje.

Sai fita waje. Bamako na da babbar makarantar fasaha ta Balla Fasseke Kuyate, Abijan na da tata mai suna INSAAC, duk da faransanci ake karatu kuma sefa ake kashewa. Diflom ɗin na da nauyi, amma a lissafa haya da abinci da kuɗin mota na shekaru. Ni dai na fi so yaro ya je bayan hannunsa ya nuna, ya kuma san wa zai dawo ya yi wa aiki.

Ko ina aka nufa, akwai ma'aunin da na ara daga Benezuwela. A 1975 Jose Antonio Abreu ya kafa El Sistema, shirin koyar da kiɗa don ƴaƴan talakawa, kuma sirrinsa shi ne ana kiɗa cikin rukuni tun farko, wanda ya ɗan iya yana koya wa na baya. Saboda haka a tambayi makaranta gaba da gaba: sau nawa ɗalibi ke fita ya koyar a lakwal ko a unguwa? Ana ba shi kayan kiɗa aro ko sai ya saya? Ana aiki da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, ko faransanci kaɗai? Takardar ƙarshe gwamnati ta amince da ita? A je da ƙafa, a zauna cikin aji ko na awa 1, a yi hira da ɗaliban ba a gaban malam ba.

Mu dai mun tsaya a kan haɗa biyu: solfej da gita a cibiya, ranakun hutu kuma wajen wani tsohon makaɗin gurumi da ya yarda ya karɓe shi. Uwarsa ta amince da sharaɗi ɗaya, cewa duk yammacin Lahadi zai tara yaran layinmu a zaure ya koya musu abin da ya samu a satin.