Injin yankan ciyawa: wanne ya dace da tsakar gida a Kaduna?

Daga Yuni zuwa Satumba ciyawa a Kaduna ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ruwa ya sauka kwana biyu a jere, filin da aka share makon jiya ya sake tashi, sauro da macizai su sami mafaka. A nan ne magidanci kan fara tambayar injin da zai saya, kuma yawanci ƙarfin inji ake fara tambaya. Mu kuwa shawararmu a fara duba ƙasar gidan. Yawancin filayenmu jar ƙasa ce mai marmara da tsakuwa, ga ragowar bulo da guntayen rodi da magina suka binne. Wannan ƙasar ce ke kashe inji tun bai tsufa ba.

Na turawa da hannu, wanda ba ya shan mai ko wuta, ba za mu daɗe a kansa ba. Wuƙaƙensa suna aiki kamar almakashi, yankansa yana da tsabta a kan gajeriyar kiri-kiri da aka shuka a fili mai laushi. Da zarar ciyawa ta wuce santimita 10, ko tofa ta shigo, sai ya riƙa kwantar da ita yana wucewa. Sai mai ɗan fili kaɗan da zai iya yanka duk mako.

Mai waya, wanda ake jona wa wuta, shi ne mafi araha cikin masu shan mai ko wuta, ba nauyi, ba hayaƙi, ba canjin mai. Ƙarfinsa kan kama daga wat 1,200 zuwa 1,800, faɗin yankansa santimita 32 zuwa 40. Matsalarsa kowa ya san ta: NEPA. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai tashe shi ba, sai mai 2.5kVA zuwa sama. Abin da ya fi ƙona irin wannan inji shi ne raunin wuta da siririyar waya. Idan nisan ya wuce mita 25, a sa waya mai kaurin 2.5mm², a warware ta gaba ɗaya daga kan abin naɗinta don kada ta yi zafi. A fara yanka daga kusa da soket ana nisa, waya na baya, kuma kada a taɓa shi a jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Mai batir ya warware rigimar waya, ya kuma dace da gidan da ke da sola. Makita, Bosch da Ingco duk suna yin sa. Caji ɗaya na batir mai 4Ah ko 5Ah kan kai wajen rabin awa, ya ragu idan ciyawa ta yi kauri. Ga fili mai ƙafa 50 da 100 da gini da intalok suka cinye rabinsa, wannan ya isa har da saura. Sai dai batirin ne rabin kuɗin, kuma zafin Maris da Afrilu ba ya masa daɗi. Kada a sa shi caji yana da zafi, kada a bar shi a rana ko cikin but ɗin mota, da rani kuma a ajiye shi da rabin caji. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko yana sayar da batirin shi kaɗai. In ya fara kame-kame, a bar masa kayansa.

Mai fetur mai taya huɗu shi ne burin mutane da yawa, kuma a manyan gidaje irin na Unguwar Rimi da Malali, inda fili ke da faɗi kuma a baje yake, babu kamarsa. Injinsa kan kama daga 125cc zuwa 190cc, faɗin yanka inci 16 zuwa 21. Honda da Briggs & Stratton su ne sunayen da aka fi yarda da su. Fetur daban, baƙin mai daban, ba a haɗawa. Yana ɗaukar baƙin mai wajen rabin lita, SAE 30 ko 10W-30. Sabon inji a juye man bayan awa 5 na farko, daga nan duk awa 25 zuwa 50, ko sau ɗaya kowace damina.

Rauninsa yana ƙarƙashinsa. Wuƙar tana juyawa kusan sau 3,000 a minti, kuma a jikin sandar injin take kai tsaye. Idan ta daki dutse ko rodi, in an yi sa'a ɗan makullin filawil ne zai karye, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe filawil a jikin sandar, sai inji ya ƙi tashi ko igiyar tayarwa ta riƙa fizge hannu. Wannan gyara ne mai sauƙi. In ba a yi sa'a ba sandar ce za ta lanƙwashe, inji ya kama karkarwa, kuɗin gyara ya kusa na sabo. Don haka a zagaya fili a tsince duwatsu kafin kowane yanka, a ɗaga taya zuwa santimita 5 ko 6, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda. In za a duba wuƙa, a fara cire hular fulogi, a karkata injin ɓangaren kafireta na sama. Aka juya shi ɗaya gefen, baƙin mai zai malala cikin filta, ya tashi yana farin hayaƙi.

Sai cutar rani. A Nuwamba an daina yanka, an jingine inji da fetur a ciki, a Mayu an ja igiya har kafaɗa ta gaji. Fetur da ya wuce wata guda a kafireta yakan yi danƙo ya toshe jet. Maganin kyauta ne: a yankan ƙarshe a zuke tanki, a bar inji ya ci sauran har ya mutu da kansa. Da tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023, wannan litar ma janareta na bukatarta.

A ganinmu, wanda ya fi dacewa da mafi yawan gidajen Kaduna shi ne na ratayawa a kafaɗa, irin wanda ake gani hannun masu share gefen titi. Ba ruwansa da gargada, yana shiga jikin katanga, bakin kwata da gindin mangwaro, yana cin tofa da gamba. Na kasuwa yawanci 43cc ko 52cc ne, kuma masu gyaran janareta da babur sun san cikinsa, a Panteka ma ba a rasa mai taɓa shi. Fetur ɗinsa sai an haɗa da man 2T. Stihl da Husqvarna suna son 50:1, wato mililita 20 a lita guda. Yawancin na Chana 25:1 ne, mililita 40 a lita. A bi abin da aka rubuta a jikin tanki, a auna da sirinji, ban da kintace. Man 2T ya yi kaɗan fiston ya kama, ya yi yawa fulogi da salansa su cika da baƙi. Kusa da gini a sa igiyar yanka ta roba mai 2.4mm zuwa 3mm, a bar wuƙar ƙarfe sai ciyawa mai kauri. Igiyar da hunturu ya busar takan riƙa tsinkewa, a jiƙa ta cikin ruwa kwana guda. Aibinsa biyu: yankansa ba ya fita sumul, kuma yana harba tsakuwa. Gilashin ido da takalmi rufaffe dole ne, yara da motoci su yi nisan mita 15.

Wanda zai sayi mai fetur da aka riga aka yi amfani da shi ya je da safe, ya taɓa injin ya tabbatar da sanyi kafin a tayar, don mai sayarwa kan ɗumama shi tun kafin mai saye ya iso. A zaro ma'aunin mai a ga launinsa, a leƙa ƙarƙashi ko tsatsa ta huda, a riƙe hannun injin yana aiki a ji ko yana karkarwa. Shuɗin hayaƙi da bai ɗauke ba bayan minti biyu alamar ring ya cinye ne, sai a cire kuɗin gyaran daga ciniki.