Katy, GAP ko C&O: wace hanyar keke ce ta cancanci hutunka da kuɗinka a Amurka?

Idan kana zaune a Amurka kuma kana son ka kwana biyar ko shida a kan keke ba tare da mota ta biyo ka a baya ba, sunaye uku za ka riƙa ji: Katy Trail a jihar Missouri, Great Allegheny Passage da ake taƙaitawa GAP, sai hanyar gefen magudanar ruwa ta Chesapeake and Ohio, wato C&O. Dukkansu suna bin bakin kogi, suna ratsa ƙananan garuruwa, kuma galibinsu ba kwalta ba ne. A hoto kamarsu ɗaya. A ƙarƙashin taya kuwa kowacce da halinta, kuma wannan ne ya kamata ka duba tun kafin ka biya kuɗin jirgi ko hayar keke.

Bari mu fara da GAP, domin ita nake ba wa duk wanda bai taɓa doguwar tafiya a keke ba. Tsawonta mil 150 ne, wajen kilomita 240, daga birnin Pittsburgh zuwa Cumberland a jihar Maryland, kuma a 2013 aka kammala haɗa ta. Tsohon layin dogo ne aka ɗauke ƙarafunansa aka shimfiɗa niƙaƙƙen dutse aka daddaɓe. Tunda jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, kai ma ba za ka gamu da shi ba. Daga Pittsburgh za ka yi ta hawa a hankali ta gefen kogunan Monongahela, Youghiogheny da Casselman, hawan da da ƙyar ƙafarka za ta ji shi, har ka kai ƙololuwa mai tsayin mita 729. Daga nan gangara ce ta kusan kilomita 38 har cikin Cumberland. Babbar fa'idarta ita ce garuruwan da ke kan hanya sun san masu keke, da su suke ciniki. A Connellsville, Ohiopyle, Confluence, Meyersdale da Frostburg akwai masauki da abinci, a yawancinsu akwai mai gyara. Abu ɗaya da za ka kiyaye: ramin Big Savage da aka huda cikin dutse, mai tsawon kusan kilomita 1, rufe shi ake yi lokacin hunturu, daga wajen Disamba zuwa farkon Afrilu, kuma babu zagaye mai sauƙi.

Inda GAP ta ƙare a Cumberland, nan C&O ta fara, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukarsu hanya ɗaya mai kusan kilomita 540 zuwa Washinton. A nan ake yin kuskure. C&O ba layin dogo ba ce. Turba ce da alfadarai ke bi suna jan kwale-kwalen kwal a magudanar da aka haƙa gefen kogin Potomac. An soma haƙa a 1828, an isa Cumberland a 1850, aka daina aiki da ita a 1924 bayan ambaliya. Da an mayar da ita titin mota, sai alƙalin Kotun Ƙoli William O. Douglas ya jagoranci tattaki a kanta a 1954 don nuna adawa, a 1971 ta zama wurin tarihi na ƙasa. Tsawonta mil 184.5, wajen kilomita 297.

Wannan tarihi shi ne ya sa ƙasarta take yadda take. An gyara wasu sassa da tsakuwa mai laushi, amma a wasu wuraren turɓaya ce da saiwoyin itatuwa da ramuka, idan aka yi ruwa sai taɓo ya kama sarƙa da birki. Garuruwa sun yi nisa da juna, musamman tsakanin Cumberland da Hancock, inda za ka yi sa'o'i ba ka ga kanti ba. Ramin Paw Paw, mai tsawon kusan mita 950, duhu ne ƙirin, hanyar cikinsa siririya ce, dole sai da fitila kuma gara ka sauka ka tura. Amma ga wanda ke son daji da shiru, babu kamar ta. Akwai wuraren kafa tanti kyauta jefi-jefi a bakin kogi, akwai ƙofofin ruwa 74 na magudanar da tsofaffin gidajen masu gadinsu, wasu ma ana ba da hayarsu a kwana. Ga kuma garin Harpers Ferry, inda kogin Shenandoah ke haɗuwa da Potomac. C&O ce mafi arha a cikin ukun idan kana da tanti, ita ce kuma mafi gajiyarwa. Ruwan famfunan da ke sansanonin, kar ka sha sai ka tace ko ka dafa.

Katy ita ce mafi tsawo, mil 240, wajen kilomita 386, daga Machens zuwa Clinton, a kan tsohon layin dogo na kamfanin Missouri-Kansas-Texas. An buɗe sashen farko a 1990 kusa da Rocheport, kuma har yau nan ne mafi kyau, ga duwatsu tsaye a gefe ɗaya, ga kogin Missouri a ɗaya gefen. Shimfiɗarta lafiya lau kamar ta GAP. Matsalarta rana ce. Daga Boonville zuwa yamma hanyar ta rabu da kogi ta shiga filayen noma, inuwa ta yi ƙaranci, iska kuma tana iya tsaya maka a gaba yini guda. A Yuli da Agusta zafin da gumin ba na wasa ba ne, ko ga wanda ya tashi a Sakkwato, domin iskar can a jiƙe take. Ambaliya ma takan rufe sassa, kamar yadda ta yi a 1993 da 2019. Kuma Musulmi ya sani cewa garuruwa irin su Hermann da Augusta sana'ar giya ce ta raya su, naman alade kuma ya yi yawa a abincinsu. A duk hanyoyin uku ma, da zarar ka bar babban birni naman halal zai yi wuyar samu, don haka ka yi guzurin dabino, gyaɗa da kifin gwangwani.

Sai batun keken kansa. Ga GAP da Katy, taya mai faɗin milimita 35 ta isa, ko keken zirga-zirgar gari mai ƙwari zai kai ka. Ga C&O kar ka yi ƙasa da 40, ka sa marufin taya saboda laka, ka riƙe kayan faci da famfo kuma ka iya amfani da su. Siririyar tayar tsere ba ta da wurin zama a ko ɗaya. Idan tafiya ɗaya za ka yi, haya ta fi saye, kuma akwai shagunan da ke ba ka keke a wannan gari ka ajiye a wancan. Akwai kuma kamfanonin da ke kama maka masauki su riƙa kai jakarka gaba kowace rana. Kuɗin ya fi yawa sosai, amma ga mai tafiya da iyali a GAP ina ganin ya dace. A C&O kuwa, biyan wannan kuɗi ya kashe abin da ya sa ta yi arha.

Komawa gida ma lissafi ne. Jirgin ƙasa na kamfanin Amtrak yana haɗa Pittsburgh, Cumberland da Washinton, a Missouri kuma yana tsayawa a Hermann, Jefferson City da Sedalia. Gurbin keke a jirgin kaɗan ne, sai an kama tun da wuri tare da tikiti.

Idan wannan ce tafiyarka ta farko, ɗauki GAP a watan Mayu ko ƙarshen Satumba, ka ba ta kwana uku zuwa huɗu. Idan ka isa Cumberland da sauran ƙarfi kuma sama ba ta haɗa hadari ba, C&O na nan a gabanka, ka ƙara mata kwana huɗu. Katy kuma ka ajiye ta sai Oktoba, lokacin da zafi ya sauka, ka fi ba da lokacinka ga sashen da ke tsakanin St. Charles, kusa da Machens, da Boonville.