Mai gyaran da ya duba mana injin busar da kaya a Agege

Wanda bai yi damina a Legas ba ba zai gane abin da ya kai mu ga sayen injin busar da kaya ba. A watan Yuni sai ka shanya yunifom ɗin yara kwana biyu, ka kwaso shi yana warin danshi. Namu tokumbo ne, ya yi mana shekara guda lafiya ƙalau, sai ran nan ya ɗauke ɗif ana cikin guga.

Ƙanin maigidana, wanda komai ya iya a baki, ya buɗe filogin ekstenshan ɗin, ya ce fis ne ya ƙone, ya naɗa masa zaren waya. Inji ya tashi. Bayan kwana uku na ji ƙaurin roba, bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in lodi ya yi yawa, ta faɗi. Da muka ɗaga ta sai gangar injin tana juyawa amma babu zafi ko kaɗan.

Maƙwabciya ce ta ba ni lambar mai gyaran. Ya ce ƙarfe goma, bai iso ba sai bayan la'asar, wai go-sulo. Wannan kam na riƙe masa. Amma da ya zauna aiki sai na huce. Bai fara da cewa a sayo kaza ba, mitar gwada wuta ya ciro yana gwada waya ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance bayan injin, ya zaro curin gashin tufafi kamar audugar matashi daga bututun iska. Shi ya toshe hanya, zafi ya taru, ɗan fis ɗin zafi da ke kusa da hita ya yanke.

Da ya ga wayar da aka naɗa a filogi sai ya girgiza kai. "Hajiya, Allah ne ya tsare ku." Ya yi mini lissafi a bayan kwali: wutarmu bolt 230 ce, injin yana jan kusan wat 2,500, wato amp 11 ke nan, ga dutsen guga a kan ekstenshan guda, alhali fis ɗin amp 13 ne. Ashe ƙonewar da ya yi aikinsa ya yi. Fis sau ɗaya yake narkewa a canza shi, ita kuwa bireka faɗuwa take yi a ɗaga ta. Amma ya ce in ta faɗi sau biyu a jere, kar in sake taɓa ta sai an gano dalili.

Ya ja wa injin layinsa shi kaɗai da birekarsa, ya jefar da ekstenshan ɗin da ya riga ya narke a gefe. Kuɗinsa ya ɗan ciza, kuma bai share ƙurar da ya zubar ba. Duk da haka na ajiye lambarsa. Matatar gashin yanzu ni nake kakkaɓe ta bayan kowane wanki, ƙanin maigida kuwa an hana shi sukurdireba.